Ranar da Na Ji Ana Cigiyata a Kasuwar Makarfi

Shekarun baya can, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina aikin akawu wurin wani Alhaji mai sayen gyaɗa da auduga a Makarfi. Mutumin kirki ne, amma bakinsa bai san yabo ba. In ka yi daidai ya yi shiru, in ka kuskure har maƙwabta sai sun ji.

Sai na sami labarin wani kamfani a Zariya yana ɗaukar akawu. Sharaɗinsu shi ne ka rubuto abin da ka iya, maigidanka ya sa hannu ya shaida. In babu hannun Alhaji, babu aiki. Ni kuwa raina ya riga ya tafi birni.

Na zauna na zuba a takarda, ban rage komai ba: ina karanta boko da ajami, ina gyara sikeli, ina jin Fulatanci, ina taka keke zuwa Hunkuyi ko da tsakiyar damina, kuma manomi bai taɓa barin gabana da fushi ba. Alhaji ba ya boko, sai na karanta masa. Ya ce, "Sake." Na sake. Ya ja tsaki ya ce, "Ajiye nan."

Ranar kasuwa ina tsaye wurin mai tsire, sai ga mai shela da gangarsa: "Jama'a, Alhaji yana gaishe ku! Yana neman akawu mai karanta boko da ajami, mai gyara sikeli, mai jin Fulatanci, mai taka keke zuwa Hunkuyi ko da tsakiyar damina..."

Innalillahi! Maganata ce tiryan-tiryan, ko kalma bai canza ba. Mai tsire ya fashe da dariya ya ce, "Malam akawu, ashe ɓata ka yi? Ga ka tsaye ana cigiyarka!"

Wallahi raina ya ɓaci. Na sami Alhaji na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ai maganata ce aka kai kasuwa."

Ya ce, "To me zan ce? Na rasa yadda zan kwatanta mutumin da nake so, kai kuma ka riga ka faɗa."

"Sa hannun fa?"

"Bari mu ga abin da kasuwa za ta kawo."

Nan tsoro ya kama ni, don na ɗauka ba zai sake ni ba sai ya sami madadina. Shela ta je Ikara, ta je Hunkuyi. Wani ya zo da boko babu ajami. Wani ya iya sikeli, amma da ya ji zancen keke da damina sai ya ce a gai da gida. Ranar rufe karɓar takardu tana ta matsowa. Na kai kuka wurin mahaifiyata, ta ce, "Kai ka jawo. Wa ya ce ka zazzage duka?"

Ana gobe za a rufe, Alhaji ya kira ni bayan la'asar ya miƙo mini takardata. A ƙasa ya rubuta da ajami: "Duk abin da yaron nan ya faɗa gaskiya ne. Na sa an nemi irinsa a Makarfi da Ikara da Hunkuyi, ba a samu ba. Ku riƙe shi da kyau."

Na ɗago kai na dube shi. Ya kawar da fuska ya ce, "Da hannu kawai na sa, cewa za su yi kowane maigida haka yake yi. Tashi mana, ka zauna kana kallona!"

Na sami aikin. Na yi aiki ƙarƙashin mutane da yawa bayansa, wasu sun yabe ni a gaban jama'a, yau ko kalma ɗaya ban riƙe ba. Na Alhaji kuwa na haddace. Har yanzu ina jin kunyar fushin da na yi, don ni ina ganin ya sace mini magana, shi kuwa kuɗin mai shela yake biya don ya tabbatar wa mutanen Zariya cewa ba ƙarya na yi ba. Har ya rasu bai taɓa ce mini sannu da aiki ba. Allah Ya jiƙansa.