Layin Dogon da Muka Shimfiɗa ni da Akawu

A shekarun da dokar hana fita take kora mu gida tun kafin magariba, ni da maƙwabcina muka shimfiɗa layin dogo a lambun gidana. Ni malamin makaranta ne da ya ajiye alli. Shi kuma tsohon akawu ne, mutumin kudancin Borno, mai riƙe da makullin cocinsu. Kowa Akawu yake ce masa, har matarsa kafin ta rasu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, da 'yar ƙofar langa-langa da iyalanmu suka huda don aron wuta da gishiri.

Jirgin na gwanjo ne, mai aiki da batir. A shagon wani Inyamuri na gan shi cikin kayan wasan yara, na ce jikana zan saya wa, alhali jikan yana Kano. Layin robar da ya zo da shi bai ga ƙarshen bazara ba. Rana ta lanƙwasa shi kamar taliya. Sai muka koma wajen mai haɗa tagogi, ya yanko mana siraran alminiyam. Muka fasa akwatin tumatir muka yi katakon da layin zai zauna a kai, muka jiƙa shi da baƙin mai saboda gara. Tsakuwa kuwa da rariyar uwargida muka tankaɗe ta, kuma har yau ba a rufe wannan shari'a ba.

Layin ya tashi daga bakin famfo, ya ratsa yakuwa, ya zagaya gindin lemo. Jirgin gaske ya daɗe da daina zuwa garin nan, saboda haka muna iya cewa namu ne kaɗai ke aiki a jihar, ba tare da mun yi ƙarya ba. Akawu ke durƙusawa da guduma, ni ina tsaye ina ba da shawara, kamar yadda na saba a aji.

Da gari ya ɗan lafa, 'yarsa da ke aikin jinya a Jos ta matsa ya koma wurinta. Ƙauyensu ba ya komuwa, idonsa ya fara hazo, gidan kuma ya yi masa yawa. Ya amsa mata. Amma mutum irinsa ba ya barin unguwa sai ya bi gida-gida ya yi sallama, ya nemi gafara, an ce an yafe. Ya gama da limami, da mai shago, da mahaucin Kasuwar Shanu da suka taɓa faɗa a kan magudanar ruwa. Saura ni.

Duk ranar da ya leƙo ta ƙofar langa-langa ya gyara murya, sai a samu layin da matsala.

"Malam, ina son mu ɗan zauna."

"Za mu zauna, Akawu. Amma dubi gadar nan, ta karkata. Ka tafi ka bar aiki haka, mutanen Jos su ce me?"

"Jiya lafiyarta ƙalau."

"Jiya ni ma lafiyata ƙalau."

Sai ya naɗe ƙafar wando ya durƙusa. Bayan gada aka ga ya kamata layin ya kai ɗakin kaji, wanda muka raɗa wa suna tashar Konduga. Bayan Konduga sai rami ta ƙarƙashin tulu. Damina ta shigo ta fita. 'Yar tana bugo waya, yana ce mata bai gama sallama ba, kuma gaskiya yake faɗa.

Wata Lahadi da hantsi ya shigo ta ƙofar waje, ya yi sallama kamar baƙo, sanye da kwat ɗinsa ta coci. Ya jawo kujera ya zauna. Na buɗe baki zan yi maganar rami.

"Yau ba zan durƙusa ba, Malam. Ranar Juma'a na taka wayar fitilar layin nan ban gan ta ba. Yarinyar nan ta turo mota, gobe za ta iso."

Na ce ai wayar fitila kowa yana takawa.

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. "Mun zauna tare. Abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini."

Na san muddin ban amsa ba, motar za ta koma Jos babu shi. Ba mutum ne mai tsallake irin wannan ba. Uwargida ta daina daka a bayan ɗaki. Shi kuma yana jira, ya juya fuskarsa inda yake zaton tawa take, ya ɗan kauce mini zuwa hagu.

"Ba ka yi mini komai ba," na ce. "Na yafe. Ni ma ka yafe mini."

"Na yafe. Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

Na tashi na yi masa rakiya. Na riƙe masa gwiwar hannu a bakin dakali, bai janye ba. Muka bi ta titi, a hankali, har ƙofar gidansa.