Zobba Saba'in da Biyu

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, ina tsakiyar zuba wa kajinki ruwa mijinki ya kira ni. Bai ce komai ba sai, "Yayarki ta cika." Na Allah muke, wurinsa kuma kowa zai koma. Na san haka, Yaya.

Ba ciki ɗaya muka fito ba. Shekara goma sha shida ke nan da aka turo ni ɗakin gwajinki don ɗibar jini da awo, kika dube ni kika ce, "Dakta na takarda ne, ki ce mini Yaya." Ɗalibai kuwa Uwar Kaji suke ce miki a bayan ido, kin sani, har daɗi kike ji. Lokacin da ɗana ya kwanta ciwo, sati uku kina yin aikina, da hannunki kike kwashe kashin kaji, ba ki taɓa goranta mini ba.

Tambaya ɗaya kika ƙare rayuwarki a kanta: me ya sa wata kaza take tara kitse a ciki, inda za a cire a zubar, wata kuma take ajiye shi cikin tsoka, inda yake sa nama taushi da ɗanɗano? Kin ce amsar tana cikin ƙwayoyin gado. Wahalar ita ce ba a auna kitsen tsoka sai an yanka kazar. Sai mu yanka ɗaya, in ta yi kyau mu ware 'yan'uwanta su hayayyafa. Dole ke nan a san wace ce 'yar wace, shi ya sa kowace ke da zobe mai lamba a ƙafa.

Bara firiza ta lalace, jinin iyayensu da kakanninsu da muka adana don gane zuri'a ya ruɓe. Ranar kika ce mini, "Ƙanwata, yanzu zoben nan shi kaɗai ne asalinsu. In za ki canza, ɗaya bayan ɗaya: ki cire, ki sa, ki rubuta, sannan ki kama ta gaba."

Kina kwance a asibiti kajin zuri'a ta goma sha ɗaya suka girma. Zoben ya matse su, ƙafafu suka kumbura, wasu har da jini, sababbin zobba kuma ba su iso ba. Tausayi ya kama ni. Na ɗauki almakashi na yanke duka, kaji saba'in da biyu a rumfa ɗaya. Na ɗauka zan gane su kamar yadda kike gane su, ke da kike nuna ɗaya ki ce mai kallon rainin nan jikar wance ce. Da na ɗago kai sai na ga fari fat ko'ina, duk kamarsu ɗaya. Nan na zube na yi ta kuka.

Da na je duba ki, muryarki da ƙyar take fita, amma su kika fara tambaya.

"Kin canza musu zoben?"

"Na canza, Yaya."

"Ɗaya bayan ɗaya?"

"Ɗaya bayan ɗaya."

Kika lumshe ido kika ce, "To, alhamdulillahi. Ko ban tashi ba, aikin ya tsira."

Ƙarya na yi miki. Na ce wa kaina in kin warke zan faɗa, ki yi mini faɗan da na cancanta. Kwana huɗu kika ƙara.

Masu gaisuwa suna ta cewa kin bar aikin da za a daɗe ana mora, ni kuma sai in sunkuyar da kai. Kajin suna nan ƙalau, suna ci suna sha. Cikinsu akwai biyar ko shida masu ɗauke da abin da kika yi shekara goma sha shida kina nema, babu mai iya nuna su. An ce ƙarshen wata za a kwashe su a ba wani aikin rumfar. Ban ga ta inda za a gyara ba, kuma ba na jin akwai.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya sa wahalar da kika sha ta zama kankarar zunubi. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki, da mahaifiyarki da ta ga abin da uwa ba ta son gani, da 'ya'yanki mata biyu, da ɗalibanki. Allah ya ba su haƙurin da ni ban samu ba.

Ni kuwa ki yafe mini. Zobban suna cikin aljihun teburinki, na jera su bisa lamba kamar yadda kike so, duka saba'in da biyun. Ban san ƙafar da zan mayar da ko ɗaya ba.