Yaya Bilki, Mai Faɗa wa Turawa Ranar Shiga Teku

Shekara ashirin da biyar ke nan da muka rasa yayata, Hajiya Bilkisu, wadda duk gidanmu ke kira Yaya Bilki. A nan Landan ta cika, a nan muka kai ta makwancinta. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan yi sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana dai na ga ya kamata in yi magana, domin har yau in ka tambayi 'yan uwanmu na gida wane aiki ta yi a Ingila, sai su ce maka wani abu ne dai na ruwan sama. Ba su yi ƙarya ba, amma sun rage mata.

Mu mutanen Gumel ne, inda babban ruwan da muka tashi muka sani shi ne kududdufin bayan gari. Yaya ba ta taɓa ganin teku ba sai da aka tura ta Legas koyon hasashen yanayi, daga can kuma ta yi aiki a filin jirgin sama na Kano. A farkon shekarun tamanin mijinta, Dakta Sani, ya sami gurbin ƙaro karatu, suka taho da ɗansu na fari, Usman, suka kama gida a Barking. Ni na biyo su daga baya karatun jinya, na sami ɗan gidan haya a Plumstead. Kafin in zo ta riga ta sami aiki a wani ƙaramin kamfani kusa da Aldwych, masu sayar wa jiragen ruwa da ma'aikatan rijiyoyin mai na cikin teku bayanin iska da igiyar ruwa. Kullum da safe za ta shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da mayafinta da jakar taswirori, ta sauka a Temple ta ƙarasa da ƙafa.

A ofishin akwai wani Bature, Gareth, wanda ba shi da zance sai hawan igiyar ruwa. Wasa ne da mutum yake kwanciya a kan wani dogon allo ya yi iyo zuwa cikin teku, ya jira igiya ta taso, ya miƙe tsaye a kan allon ta kwaso shi zuwa gaɓa. Landan ba ta da irin wannan ruwa, sai an yi tafiyar kusan yini zuwa Cornwall, kuma sau da yawa Gareth da abokansa sukan ƙona mai su isa su tarar da teku kwance kamar faranti. Wata rana ya roƙi Yaya ta duba masa taswira. Ta ce ya bar Asabar, ya tafi Lahadi da safe. Ya dawo ran Litinin bakinsa har kunne.

Daga nan zance ya bazu. Da kiran waya ya ishe ta, sai ta sayi na'urar amsa waya mai kaset, aka ja mata layi na daban, aka manna lambar a shagunan masu sayar da allunan. Duk Alhamis bayan Magariba takan shiga ɗan ɗakin ajiya na ƙarƙashin bene ta rufe ƙofa, ta naɗi bayanin ƙarshen mako da Turancinta mai gardin Hausa. Ba ta taɓa kammalawa ba tare da in sha Allahu ba, har Turawan suka ɗauka, kana jin su suna cewa Mrs B ta ce Asabar, in sha Allahu. Makon da babu komai kuwa, ba ta kwana-kwana. Cewa take teku na barci, kowa ya zauna gida ya je ya gaida mahaifiyarsa.

Ni duk abin ya fi kama mini da duba, har ranar da ta yi mini bayani muna gyaran alayyafo. Ta ce, "Rakiya, kama bakin zanen nan." Na kama, ta kaɗa ɗaya bakin, lanƙwasar ta taho har hannuna. Ta ce haka teku yake. Guguwa ce ke dukan ruwa can tsakiyar Atlantika, toroƙon ya yi ta tafiya kwana da kwanaki kafin ya iso gaɓa. In tazarar da ke tsakanin igiya da igiya ta yi tsawo, to daga nesa ta fito kuma da ƙarfinta. Saura iska. In daga tudu take busowa zuwa teku, sai ta tallafe fuskar igiyar ta tsaya sumul. In daga teku take, sai ta dama ruwan kamar kunu. Aikin Yaya shi ne ta haɗa waɗannan da cikowar teku da janyewarsa, ta ce wa mutum ga ranarka, ga kuma lokacin da za ka fito.

Yau jikokinmu suna latsa waya su ga duk wannan da launuka, har da hoton bakin tekun kai tsaye. Nakan tambayi kaina me za ta ce. Na san ba za ta yi ƙyashi ba, mace ce mai son sabon abu, da ita za ta riga kowa koya. Abin da nake jin zai dame ta shi ne wayar ba ta san wanda ke kallonta ba. Lamba kawai take bayarwa. Ita kuwa in ruwa zai yi girma takan ce wanda bai shekara biyu yana hawa ba ya tsaya a tudu ya yi kallo, kuma suna ji, don sun san ba ta taɓa ƙara musu ko rage musu ba.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Usman ya tashi cikin taswirori, tun yana firamare ya iya karanta layukan guguwa. Da ya fara tasawa Gareth ya tafi da shi Cornwall sau ɗaya, shi ke nan ruwa ya shiga ransa. Dakta bai taɓa son abin ba. Likitan ƙashi ne, ya san abin da dutse ke yi wa ƙashin baya. Ita kuma Yaya, ko a Landan ba ta yar da kunyar ɗan fari ba. Ba ta kama sunansa, daga "yaron nan" sai "kai", kuma ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane.

Wata kaka a tsakiyar shekarun casa'in, Usman yana shekarar farko a jami'a, na je cin tuwo gidansu ran Alhamis. Na tarar da ita ta baje takardun da ta taho da su daga ofis a kan teburin cin abinci, ta yi tagumi. Ragowar wata babbar guguwa ce daga wajen Amurka ta tsaya a inda ya dace, kuma iska za ta buso daga tudu da safiyar Asabar. Ta ce tun da ta fara wannan aiki ba ta ga haɗuwa irin wannan ba. Igiyar za ta ninka tsayin mutum, mai kyau ce ƙwarai, kuma tana iya kisa.

Dakta ya ajiye cokali ya ce, "Bilki, ki ce musu iska za ta ɓata ruwan. Mako ɗaya ne. In yaron nan ya ji gaskiya, ko ɗaure shi aka yi sai ya tafi."

Ta ce, "Dakta, ba shi kaɗai ke saurare ba."

"Sauran ba ni na haife su ba."

Ta tattara takardun gefe guda. Sannan ta ce, "Ni na koya masa karatun taswira. In na yi ƙarya yau, zuwa Lahadi ya gane. Akwai ranar da zan ce masa kada ya shiga, ranar da ruwan ba na shiga ba ne ko ga wa. Ita nake tsoro. Ina so in ta zo ya yarda da ni."

Dakta ya tashi ya bar tuwonsa. Ita ta shiga ƙarƙashin bene, muna jiyo muryarta ta cikin ƙofa ba ko rawa. Ta faɗi girman ruwan yadda yake, ta ce na gwanaye ne kawai, ta kuma ce bayan azahar iska za ta juya, kowa ya fito kafin nan. Da ta fito ta tarar da Usman tsaye a bakin bene. Ta ce, "Kai, ni zan kai ka. Zan tsaya a kan tudu. In ka ga na ɗaga jan mayafina, ka fito, ko igiyar zinariya ce ke zuwa." Ya ce, "Yes, Mama." Ta ce da Hausa take son ji. Ya ce, "Na yi alkawari."

Na yi musayar aiki da wata abokiyata na bi su, don ban ga yadda za ta tuƙa wannan tafiya ita kaɗai da abin da ke ranta ba. Muka tashi bayan sallar Juma'a, muka kwana a wani gidan baƙi da Gareth ya kama mana. Da safe tun kafin mu ga tekun muke jin rugugi a ƙirjinmu. Gani ya kori ji. Layuka ne na ruwa suke tahowa daga ƙarshen gani, a jere, kowanne ya miƙe kamar katangar gidan sama, iska na kwashe farar ƙurar ruwa daga kansa. Motoci sun cika filin, amma waɗanda suka shiga ba su da yawa. Sauran suna tudu, kamar yadda ta ce.

Usman ya hau igiya ta farko, ya hau ta biyu. Ban san komai a wasan ba, amma da na ga yaron da na yi wa goyo tsaye a jikin wannan dutsen ruwa, ya ware hannu yana gangarowa, Turawa na tafi, sai da na ji kaina ya yi girma. Yaya tana riƙe da carbi da madubin hangen nesa, fuskarta ba ta nuna komai ba.

Can wajen hantsi wata igiya ta rufe shi. Allon ya yi sama shi kaɗai, farin kumfa ya mamaye wurin, wata igiyar ta sake zubowa a kai. Muka duba, babu shi. A nan na ji abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife shi. Yaya ta buɗe baki da iyakar ƙarfinta ta ce, "Usman!" Sai ga baƙin kansa ya ɓullo can gefe, yana jan igiyar da ta ɗaure allon a ƙafarsa. Ta zauna a kan ciyawa. Ba ta kalle ni ba, ni ma na yi kamar ban ji ba.

Ba ta ɗaga mayafin a lokacin ba, ta bar shi ya koma ya sake hawa. Sai da ta lura hayaƙin wani gida da ke bayanmu ya daina karkata wajen teku, tun azahar da saura, sannan ta miƙe ta ɗaga. Yana ganin ta ya juyo, ya bar wata igiya da abokansa suka daɗe suna yi masa tsiya a kanta. Gareth ya bi sauran yana kira. Kafin a jima ruwan ya rikice. Mutum ɗaya da ya yi jinkiri ya sha wuya, sai da masu ceto suka fito da shi da karyayyar kafaɗa. Alhamis ta gaba, abin da ta fara faɗa a kaset shi ne iska ta riga lokacin da ta ba su, kuskurenta ne, tana ba wanda ya ji ciwo haƙuri.

Dakta ya yi kwanaki ba ya cin abincinta. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, kuma ban taɓa ganin laifinsa ba. Ranar da take tsoro kuwa ta zo a hunturun shekarar da ta biyo, da wata guguwa da ta ce kada kowa ya kusanci ruwa. Abokan Usman suka zo da mota har ƙofar gida. Ya leƙa ya ce musu Mama ta ce a'a, ya koma ya rufe ƙofa. Dakta yana falo yana ji. Da yamma shi ya shiga kicin da kansa ya haɗa mata shayi.

Ciwon da ya ɗauke ta bai ja lokaci ba. Ranar sadakar uku, muna zaune sai ga ƙattin Turawa masu ƙonannen gashi sun yi layi a ƙofar gidan Barking, suna cire takalma. Yawancinsu ba su taɓa ganin fuskarta ba, muryar kawai suka sani. Suka zauna a kan darduma cikin malamai, da aka ɗaga hannu su ma suka ɗaga. Dakta, wanda bai yi hawaye a maƙabarta ba, ranar ya yi.

Ba ta bar gini ba, ba ta bar littafi ba. Ko muryarta ba mu da ita, domin kaset ɗaya take gogewa kowane mako ta ɗora sabo. Abin da ya rage yana jikin mutane. A watan jiya Usman, wanda yanzu furfura ta fara fito masa, ya kira ni daga Cornwall. 'Yarsa ta zama gwana ita ma, kuma an yi hasashen babban ruwa. Ya ce sai da ya shirya ce mata mota ta lalace, maganar tana bakinsa, ya kasa. Ya kai ta, ya tsaya a kan tudu har ta fito lafiya. Da Hausarsa mai tsami ya ce mini, "Anti, ashe haka Mama ta ji. Ni na ɗauka ba ta tsoro."

Na ce masa tana tsoro, har ta fi mu duka. Allah Ya jiƙan Yaya Bilki, Ya sa Aljanna ce makomarta.