Riƙon Musabaha

Shekarata ta farko a aikin koyarwa, a wani ƙauye kusa da Nok na yi ta. Ni ɗan wajen Manchok ne, su kuwa mutanen garin da Jabanci suke hira, Hausa sai a kasuwa da coci. In an tashi makaranta kowa ya nufi gonar cittarsa, ni in koma ɗaki. Shirun wurin har kauri gare shi, da wuƙa sai ka yanka. Na taɓa yi wa wani ƙadangare bayanin lissafi na awa guda, ya yi ta gyaɗa kai, ya fi 'yan aji shida fahimta.

Abu ɗaya nake jira a mako: Asabar. Ranar ce wani dattijo, malamin asibiti, yake zuwa daga Kafanchan a kan babur ya yi wa mutane allura. In ya gama sai ya biyo makaranta, inda muke da teburin ƙwallon tebur da aka haɗa da ƙofofi biyu. A wajen ma'aikatan jirgin ƙasa ya koyi wasan, kuma yana da doka.

"Wasa ɗaya, Ticha. Maki ashirin da ɗaya, in hau babur."

Yakan riƙe bat ɗinsa, wato katakon buga ƙwallon, kamar alƙalami, ni ma na kwaikwaye shi. Riƙo ne na mai kai hari, ni kuwa ba ni da harin, kuma in ƙwallo ta zo ta haguna sai hannuna ya murɗe kamar na mai tatsar saniya. Kafin in ce "Baba, yaya iyali?" ya kai goma sha biyar. Minti bakwai ya gama da ni, in tsaya ina sauraren ƙarar babur har ta ɓace a bayan duwatsu.

Ban damu da cin wasa ba. So nake ya daɗe.

Sai na sake riƙo. Na kama bat ɗin kamar ina musabaha da shi, yatsa ɗaya a miƙe a bayan robar da ke jikinsa, yadda fuska biyu za su yi aiki. Na jingina rabin teburin da bango, na ja baya taku uku, na yi ta koyon sarar ƙwallo daga ƙasa, a hankali, ta tafi tana juyi. Mako uku ina yi. Na sari ƙwallon nan sau ya fi yawan ƙwayoyin acca a rumbu.

Asabar ta zo. Ya buga, na mayar. Ya sake, na mayar. Ya lafta wadda da ta same ni da shi zai yi mini ɗinki, na mayar daga bakin taga.

"Kai Ticha, wane irin wasa ne wannan? Ka buga mana kamar namiji!"

"Baba, ni mai ladabi ne. Abin da babba ya ba ni, mayar masa nake."

"Ladabin banza!"

Ranar mun yi minti arba'in. A tsakanin maki na ji labarin 'yarsa da ke koyon aikin jinya, da akuyar da ta cinye masa lasin babur. Na yi mako guda ina tauna labaran nan. Haka muka yi ta yi wata biyu, yana lafta, ina mayarwa, yana zufa yana zagina. Ban lura ba cewa ya fara dafe kafaɗa in ya juya baya.

Sai ga Asabar ta zo, ya yi allurarsa ya wuce. Ta biyu ma haka. A ta uku wani aka aiko a madadinsa.

Na ari keke na tafi Kafanchan. Na same shi a ƙarƙashin mangwaro, kafaɗa ta sha man kaɗanya, hannu a rataye.

"Ga mai kisa da ladabi," in ji shi. "Allura ma ba na iya ɗagawa."

Na zauna, na faɗa masa gaskiya, dalilin da ya sa na sake riƙo.

"To ai da ka ce in zauna, Ticha. Kujera ba ta karya kafaɗa."

Ya sa aka kawo mini kunu. Kafin ya warke aka mayar da shi wani asibiti can wajen Kajuru, sabon malamin asibitin kuwa ko tsayawa ba ya yi.