Ranar da Biyu da Biyar Suka Zama Ashirin da Biyar

Dogo ake ce masa, ko da yake shi ne gajere a gidansu. Gyaran rediyo ya fara yi, daga baya ya koya wa kansa rubuta manhajar kwamfuta. Shekara tara ke nan yana wannan aiki da ƙanwarsa a wani ɗaki saman shagon tela, tebur biyu da fanka mai kuka.

Rigimarsu ɗaya ce: harshen da suke rubuta manhaja da shi. Ita ta zaɓo sabo, shi kuwa ransa na wajen tsohon.

"Wannan harshe naki marowaci ne," in ji shi. "Tsohon, ka ba shi rubutu ka ba shi lamba, ya haɗa maka ba musu. Wannan sai ka rantse masa."

"Yaya, da gangan suka cire. Ba mantuwa ba ce."

"Wanda ya rasa abu dama cewa yake ba ya so."

Wata safiya yana ƙarasa manhajar wani kantin magani, mai lissafa yawan ruwan maganin da za a ba yaro, sai harshen ya tirje. Jan layi ya fito: biyun da mai kanti zai shigar rubutu ce, biyar kuma lamba, ba za a tara su ba.

"Kin gani ko? Biyu da biyar ma sai an kai ƙara!"

"To gwada a tsohon naka mana."

Ya buɗe tsohon yana murmushin mugunta, ya buga. Amsa ta fito nan take, ba gargaɗi: 25. Maimakon ya tara su, jera su ya yi.

Murmushin ya gudu. Mil ashirin da biyar a bakin jariri, inda bakwai ake nufi. Ya tuna ’yarsa mai wata goma, da yadda uwarta ke ɗura mata duk abin da takarda ta ce ba tambaya.

"Akwai wani kantin maganin da muka yi wa aiki da tsohon?"

Suka bi fayil ɗaya bayan ɗaya har rana ta take. Makarantu ne da shagunan kaya. Babu ko ɗaya.

Dogo ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina da kujera. "Allah Ya rufa asiri."

Ya gyara layin cikin minti biyu, ya gwada sau goma, bakwai take fitowa. Sannan ya kira mai kantin ya ce gobe zai kawo aikin, yana so ya sake bin sauran lissafin a natse.