Batirin da Muka Shanya a Rana

Shekarar da nake noman albasa a bayan Tawa, cikin ƙasar Adar, na sayi fitilar keke mai caji, don ba na baro garka, wato lambuna, sai bayan magariba. Batirinta mai araha ne, ko suna babu a jikinsa. Sati bai zagayo ba ya daina riƙe wuta. Na koma wurin mai shagon, wani dattijo, ya ce mini, "Ɗana, shanya shi a rana, kamar yadda muke yi wa batirin rediyo."

Matata ta ɗora shi bisa rufin kwano, kusa da ganyen albasar da take busarwa. Kafin azahar ya kumbura kamar mushen kwaɗo, ya fashe, ya yi ta aman wuta. Wani wari mai tayar da zuciya ya kama ganyen duka, har awaki suka ƙi ci.

Na kai wa dattijon ƙonannen batirin. Ko kunya babu, ya ce ranar Adar ce ta yi masa yawa. Ina nan tsaye wata mata mai goyo ta miƙo masa nata. Ya ce mata, "Ɗiyata, ke dai shanya shi da hantsi."