Injin da Ba Ya Ƙara

Aikin niƙa wahala ne, kada wani ya ruɗe ku. A kansa na tsufa a Sabon Birni, ina tuƙa injin gas na Alhaji, hayaƙi a ƙirji, baƙin mai yana gangarawa kwata inda awakin unguwa ke shan ruwa. Amma ranar da ta tsaya mini a rai tana cikin bazarar da Alhaji ya sayar da tsohon injin, ya kawo mai aiki da hasken rana.

Gaskiya abin ya yi kyau. Hayaƙi ya ɗauke, kwata ta bushe, maƙwabta suka daina zaginmu. Tsarin shi ne, waya ke nuna ƙarfin batir, ja ko kore. Masu niƙa su aiko saƙon murya, ni kuma in gaya musu su zo da hantsi ko azahar, lokacin da rana ke da ƙarfi. Ba a ɓarnar wuta, ba mai yin tafiyar banza. Ban iya karatu ba, don haka aikina ya koma kan kunne.

Sai in kara wayar a kunne, in ji kamar ƙudan zuma. Na ɗauka lalacewa ta yi.

Rannan bayan la'asar sai ga Inna Hajo daga Unguwar Lalle a kan babur, da buhun dawa na sunan jikanta. Batir ya riga ya yi ja.

Ta ce, "Mamman, tun safe na aiko ina tambaya ko in zo da marece. Ka yi shiru, na ce ka yarda. Gobe suna, mi za ni tuƙa wa mutane? Ƙasa?"

Na ce wayar ce ba ta magana. Alhaji ya karɓa ya kunna saƙon. Na ga kowa ya gyaɗa kai, har mai babur. Ni ban ji kalma guda ba.

Na juya ina ɗaure mata buhun, don hanyar nan ba a bin ta da duhu. Sai na ji hannu a kafaɗata. Alhaji ne, idonsa ya kaɗa.

Ya ɗaga murya ya ce, "Sau nawa ina kiranka, Mamman. Wanga abu tun yaushe?"

Ban sani ba. A gaban tsohon injin kowa ihu yake yi, har ni. Sai da wuri ya yi tsit aka gane ƙarar injin ta cinye mini kunne.

Ku yara da kuka samu sabon, ku riƙe shi da kyau, alheri ne. Ni dai ya iske ni a makare. Alhaji ya ce in zauna a ga yadda za a yi, amma na san wurin mai ji yake bukata.

Da gari ya waye na share ƙurar farantin hasken rana, na ajiye masa wayar a kan benci, na hau mota zuwa Isa neman aiki wurin mai injin gas. Can ba wanda zai tambaye ni ko ina ji.